Malam Kyari, Wanda Ya Tare Kurar Aron Benci

Shekara da shekaru, da an idar da sallar Asuba a masallacin unguwarsu a Zaitawa, Malam Kyari ba ya komawa barci. Koko zai kurɓa a tsaye, ya ɗaure bakin wandonsa, ya turo kekensa daga zaure. Shi ne mai duba makarantun firamare na shiyyarmu a lokacin, kuma ba ya aiko da saƙon yana tafe. Sai dai malami ya juyo daga allo ya gan shi a bayan aji, ya naɗe ƙafa a ƙasa cikin yara. Ba tawali'u ne ya zaunar da shi a ƙasan ba. Abin zaman ne babu.

A watan jiya ya yi ritaya. Ba taro, ba jawabi, ko ruwan leda ba a raba ba. Abin ya ƙona mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Shiyyar nan ba jiya aka kafa ta ba. Da 'yan makarantu ƙalilan ta fara tun zamanin En'e, lokacin da sai mai unguwa ya bi gida-gida yana lallashin iyaye. Mahaifin Malam Kyari, wani malamin allo asalin Barno, da ƙyar ya sake shi ya shiga boko. Amma a wancan lokacin kowane yaro yana da wurin zamansa, benci mai ƙafar ƙarfe har da ramin tawada. Sai yara suka yi ta ƙaruwa, ana ta yanko sababbin makarantu daga tsofaffi, bencina kuwa suna karyewa ba mai mayar da su. Aji ya cika maƙil, wasu a kan tsumman tabarma, wasu a kan fasasshen siminti.

Daga nan aka ƙirƙiro aron benci. Mu mutanen cikin gari mun iya aro. In biki ya taso, darduma daga maƙwabta, kwanuka daga gidan yaya, don kada baƙo ya ga gazawarmu. Rufin asiri ke nan, kuma a gida abu ne mai kyau. Sai muka kwashe shi muka kai makaranta. Duk ranar da manya za su zo duba, sai a tattara 'yan bencinan da suka rage a shiyyar, a loda a kura, a kai makarantar da za su fara sauka. Suna ofishin hedimasta ana ba su lemo, an sake lodawa an yanka ta lungu. Kafin motocinsu su zagayo ta titi, bencina sun riga su isa makaranta ta gaba. Manya su koma su ce cikin gari ba ya buƙatar komai, a kai kayan wani wuri. Da hannunmu muka yi wa 'ya'yanmu wannan zalunci, muna kiransa mutunci.

Shekarar da aka shirya bikin tunawa da kafuwar shiyyar, aka ce baƙi za su zo tare da masu ba da tallafi. Shugaban ofishin ilimi na shiyyar ya kira Malam Kyari. Hajiya 'Yardada, shugabar makarantar da baƙin za su fara sauka, tana wurin, kuma ita ta ba ni labari.

"Malam, ka san lungunan nan kamar yunwar cikinka," in ji shugaban. "Kai za ka tsara wa masu kura hanya."

"Ranka ya daɗe, ni aikina duba makaranta ne, ba yi mata kwalliya ba."

"Haba Malam! So kake mu ji kunya a gaban baƙi?"

"Ai kunyar ta daɗe da kama mu. Kullum da yamma uwa ce take wanke ta daga wandon ɗanta."

Aka ba wani aikin. Ranar biki da sassafe, Nata'ala mai kura ya turo lodin farko. A bakin lungun makarantar Hajiya ya tarar Malam Kyari ya gitta kekensa, lungun kuwa kura ɗaya tak yake ci.

"Na ce Baba, a yi haƙuri, aike ne," in ji Nata'ala. "Sai ya ce, 'Binta 'yarka ba a nan take ba?' Na ce nan take. Ya ce, 'A kan me take zama?' Na ce a ƙasa. Na juya kurata, na bayana ma suka juya."

Baƙi suka iso. Yara suka miƙe gaisuwa suna kakkaɓe ƙasa daga jikinsu. Wata daga cikin baƙin ta tambayi inda bencinan da ta gani bara suke.

"Ba namu ba ne, Hajiya," in ji Hajiya 'Yardada. "Ba na kowa ba ne. Zagaye suke yi, kamar yadda kuke yi."

Kafin zangon ya ƙare, sababbin bencina suka shigo makarantar, wasu makarantun ma suka samu. To, me aka yi wa Malam Kyari? Aka cire shi daga duba makarantu, aka jefa shi sito yana gadin alli da tsofaffin taswirori, har ya tsufa a can. Mu ma mutanen unguwa ba mu ƙyale shi ba. Aka ce ya tona asirin gari. Na san dattijon da ya daina amsa gaisuwarsa a masallaci, alhali jikokinsa suna zaune daram a kan sabon benci. Wannan butulci har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Malam Kyari, kai ne ka ƙi yarda a rufa wa manya asiri a bar yara a tone. Kai ne ka san za su rama, kuma ba ka kauce ba. Gagara lallashi, namijin duniya. Sun hana ka girma a ofis, mun hana ka godiya a unguwa, ba ka taɓa kai ƙarar kowa ba. Yau ga godiyar, ta makara amma daga zuciya ta fito. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar gwiwar nan da ke damunka.

Ku kuma shugabannin makarantu, da ku nake. Har yanzu akwai ajujuwa a shiyyar nan da yara ke rubutu a kan cinya. Na ji baƙi za su dawo bayan Sallah, na kuma ji an fara cigiyar masu kura. Wannan karon babu dattijon da zai tare muku lungu, sai dai ku tare da kanku. In lodi ya zo ƙofarku, ku mayar da shi. Ku bar yaran nan a inda suke zama kullum, ku buɗe wa baƙi ƙofa su shiga su gani.