Fim Ɗin Sagir Ya Je Dayi

Funtua

Ana idar da sallar asuba na nufi tasha, kwamfuta a jakata. A cikinta akwai fim ɗin da abokina Sagir ya rasu bai ƙarasa ba. Zane ne mai motsi: da gawayi yake zanawa, ya ɗauki hoto, ya goge, ya sake zanawa. Bara ya rasu, bayan ya daɗe yana fama da ciwon damuwa, ni na ƙarasa aikin. Wasu na son nuna shi a wani taro, na ce sai mahaifinsa ya yarda.

Gab da Bakori aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya leƙa jakata, ya ce, "Sana'arka?" Na ce zane. Ya yi dariya, ya ɗaga mana hannu.

Malumfashi

Da hantsi muka iso. Na sayi ƙosai, na kasa ci. Direban motar Dayi ya dube ni, ya ce, "Malam, ta'aziyya za ka?"

Na ce, "Kusan haka."

Dayi

Na tarar da Malam Idi, mahaifin Sagir, a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Bai taɓa son zanen ɗansa ba. Muka gaisa, na kunna masa fim ɗin.

A fim ɗin, wani mutum yana noma, sai inuwarsa ta tashi daga ƙasa ta haye bayansa. Ya je rafi da ita, ya je masallaci da ita. Ya yi sujada, tana danne da shi. Bakinsa na motsi, babu sauti.

Malam Idi ya ajiye fartanyar. "Sake kunnawa."

Da ya ƙare karo na biyu, ya ce, "Kafaɗarsa ce wannan. Haka yake tafiya." Sannan ya ce, "Ni kuwa ƙiwuya nake ce masa. Har gaban ƙannensa."

Na ce, "Baba, ana so a nuna wa jama'a."

"A'a, ɗana. Kada baƙi su kalle shi a haka. Sa mini a waya, uwarsa ta gani."

Na sa masa, ya shiga da ita cikin gida. Ina zaure na jiyo kukanta.

Komawa

Saboda halin hanya, ban bari magariba ta same ni ba. Ina sauka Funtua na kira masu taron, na ce su cire fim ɗin. Na gode Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Idi da ya daure ya kalla har ƙarshe. Allah ya jiƙan Sagir.