Jegon da Inna ta ƙara wa kanwa

Salamu alaikum 'yan uwa. Shekaru da yawa ina riƙe da labarin nan a ciki, ko jikokina ba su san shi duka ba. Yau dai zan faɗa, ko wata za ta amfana.

Lokacin Argungu tana ƙarƙashin jihar Sakkwato, ina amarya, wani ƙullutu ya fito mini a wuya. Ba zafi, sai rama da zufa. Muka sha jiƙe-jiƙe har muka gaji, sannan aka tura mu babban asibiti. Aka yanki kaɗan aka auna, aka ce ciwon daji ne.

Na ji tsoro ƙwarai. A lokacin duk wanda aka ambata wa sunan ciwon nan, gaisuwar da ake masa ma daban ce.

Aka yi ta ƙara mini wani jan magani ta jijiya. Gashina ya zube, amai kuwa ba a magana. Maigidana ya sayar da shinkafar da ya noma a fadama kaf. Allah ya sa ƙullutun ya baje.

Ranar sallama likita ya ce, "Maganin nan ya ci ciwon, amma yana gajiyar da zuciya. Ki rage gishiri, ki riƙa zuwa ana duba ki."

Na rage gishiri, har maigida yana tsokanata wai miyata ta tuba.

Bayan 'yan shekaru na haifi ɗiyar fari, na tafi wankan gida Gulma wurin mahaifiyata, Inna. Wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, ga kunun kanwa cike da ƙwarya. Inna ta ce, "Ke da kinka sha ciwo, ke ya kamata a ƙara ma kanwa, ki yi ƙarhi." Ta hana a sa mini gishiri a miya, kamar yadda likita ya ce. Amma kanwa? Ba wanda ya taɓa lissafa ta a dangin gishiri, har ni.

Kafin a yi arba'in ƙafafuna suka kumbura, zobe ya ƙi fita daga yatsana. In na kwanta sai numfashi ya tsaya, dole na zauna. Jaririya na kuka, ba ni da ƙarfin ɗaga ta in ba ta nono. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Inna ta duba ni ta ce, "Sanyi na ya shige ki." Ta ƙara wuta, ta ƙara kanwa.

Da maigida ya zo ganinmu bai ko zauna ba. Ya nemo mota sai asibiti a Birnin Kebbi.

Aka sa mini iskar numfashi, aka ɗauki hoton ƙirji, aka manna mini wayoyi ana auna bugun zuciya. Likita ya tambayi cututtukan da na taɓa yi, muka gaya masa. Ya tambayi abin da nake ci, Inna ta lissafa masa da alfaharinta.

Ya ce, "Mama, zuciyarta ta riga ta raunana da wancan magani, ciki ya ƙara mata nauyi. Kanwa kuma tana tara ruwa a jiki kamar gishiri. Ruwa ne ya cika mata huhu."

Inna ta zauna a ƙasa, da jaririya a bayanta, tana kuka. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar.

Aka yi ta yi mini allurar da ke sa fitsari, da wasu ƙananan ƙwayoyi. A hankali kumburi ya saɓe. Ranar da na kwanta na miƙe ƙafa na yi barci, na tashi na karɓi ɗiyata da hannuna, na yi wa Allah godiya har muryata ta dushe.

Har yau ina shan maganina, ina zuwa awo.

Shawarata: in an taɓa yi miki maganin ciwon daji, gaya wa duk likitan da kika je wurinsa, musamman in kina da ciki, ki nemi a duba zuciyarki. Maza ma haka. Haki da kumburin ƙafa kada a zauna da su a gida. A tambayi likita a kan kanwa kafin a dama kunu.

Na gode wa Allah, na gode wa likitocin nan da maigidana. Inna kuwa, Allah ya jiƙanta. Da muka koma Gulma mata suka shigo barka, wata tsohuwa ta leƙa ƙwaryata ta ce, "Ashe yanzu jego babu kanwa aka yi?"

Inna ta ce, "A ce ban iya jego ba. Ni ɗiyata nika so da rai."