Ɓawon Gyaɗata a Tukunyar Alhaji

Ɗazu na leƙa masana'antar man gyaɗa ta Alhaji Sani, abokina tun ƙuruciya, na tarar sabuwar tukunyar tururinsa sai huci take. Ta masana'antata kuwa ta kwana biyu a kwance, gaz ya yanke a Matameye, masu sarin mai har sun fara komawa wajensa.

Na ce, "Alhaji, ina ka samo gaz?"

Ya yi murmushi, ya nuna mini wani tsibi a bayan tukunyar. "Ai wannan ba ta shan gaz, Isufu. Ɓawon gyaɗa take ci."

"Ɓawon wa?"

"Har da naka mana. Ba kai ka ce in riƙa turo amalanke ana kwashewa ba, ya cika maka fili?"

Wallahi har godiya nake yi masa duk ranar da aka kwashe! Ni na ɗauka gonarsa ta Tsauni ake kai wa taki.

Na ce Allah ya sanya albarka, na juyo gida.

Gobe amalankensa zai zo kamar kullum. Jama'a, in na ce ɓawon ba na kyauta ba ne kuma, hassada na yi ko hankali?