Idon Kawu da Allon Ban Ruwa

Ko tsufa ya kwashe mini komai a kai, ba na jin zai kwashe makon da na yi a fadamar Kurmin Kogi ina kokawa da wani ɗan allon lantarki wanda bai kai tafin hannuna ba. In manta da shi sai dai in manta da Kawu, wannan kuwa ba mai yiwuwa ba ne.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami. Manomin tumatir ne na rani, ga taurin kai kamar me. A lokacin yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu, har ta kai da hannu yake shafa irin tumatirinsa ya gane lafiyarsu. Da ƙyar aka samar masa ranar aikin ido a wani asibiti a Zariya, ni ne kuma zan yi jinya. Sai ya ce atafau babu inda za shi. Wai bara ya bar wa maƙwabci ban ruwan iri, ya dawo ya tarar rana ta ƙone su ƙurmus.

"In tafi a gyara mini ido, in dawo in kalli me? Busasshiyar ƙasa?"

Ni kuma ga kwalin karatun kwamfuta a jaka, ga zafin kai, na bugi ƙirji na ce famfon solarsa zai riƙa kunna kansa safe da yamma. Kawu ya ce in ya ji da kunnensa, ya taɓa ruwan da hannunsa, to zai tafi. In ba haka ba, a ba wa wani gurbin.

Allon da na samo a kasuwa mai araha ne, araha kuwa ba ta ado. Firosesan da ke cikinsa, wato ƙwaƙwalwarsa, irin wanda ba a cika gani ba ne. Kafin allo ya ji umarnina sai da kwamfaila, manhajar da ke juya abin da mutum ya rubuta zuwa yaren firosesa. Babu wadda aka tanadar masa, dole na zauna gina ta da kaina a laftof. Aikin hawa-hawa ne. Ka fara gina 'yar ƙarama wadda ba ta iya abin kirki, da ita ka gina laburare, wato tarin ƙananan ayyukan da kowace manhaja ke jingina da su, sannan ka dawo ka gina cikakkiyar. Kamar maƙeri dai, sai ya ƙera awartaki kafin ya ƙera fartanya.

Komai ya ginu lafiya lau. Na kira Kawu ina ta wani ɗaga kafaɗa, na kunna. Famfo ya ɗauka, ya mutu, ya ɗauka, ya mutu, ƙat-ƙat-ƙat babu tsayawa. Kawu ya karkata kunne ya ce, "Kai, wannan shaƙuwa yake yi ko ban ruwa?" Na yi maza na zare waya kada injin ya ƙone. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Umarnin fa ba wani mai wuya ba ne: kunna, jira, kashe, jira. Jiran ne kawai allon ba ya yi. Na duba rubutuna har idona ya yi ja, ban ga kuskure ba. Ranar asibiti tana ta matsowa, Kawu har ya fara cewa in bar wahalar da kaina, Allah bai yi ba. Wannan maganar ta fi komai ci mini rai.

Da na rasa yadda zan yi, na kira tsohuwar malamarmu wadda ta yi ritaya ta koma Kudan. A makaranta mun sha gunaguni a kanta, saboda tana da doka ɗaya: ba ka gina komai a kan sabuwar na'ura sai ka yi abin da take kira sallama. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ɗana, ka yi wa allon sallama?" Na ce ai an rubuta komai a jikin kwalinsa. Ta yi 'yar dariya ta ce gobe tana nan tafe.

Na zaci wasa take yi. Sai ga ta da hantsi a bayan acaɓa, bayan ta sha motar kasuwa ta Makarfi, tana saukowa tana dafe gwiwa. Ita da Kawu suka shiga gaisuwa, ina gida, ina gajiya, ya rani, ya jiki, ni kuwa ina tsaye kamar in yi tsuntsu. Sai da suka gama tsaf ta zauna a tabarma gindin mangwaro ta ce in buɗe laftof.

Ta tuna mini abin da ta koya mana tun da daɗewa. Manhaja ba ta taɓa agogo ko ma'ajiya da kanta, sai ta roƙi kanel, uwar tsarin da ke zaune cikin allon, kuma kowane roƙo da lambarsa. Sallamar Malama ita ce ka ajiye laburare gefe, ka rubuta 'yar manhaja da za ta kira lambobin nan ɗaya bayan ɗaya, ka ji amsa da kanka. Muka kira buɗe fayil, ya amsa. Muka kira rubutu, ya amsa. Da muka zo kan jira, kanel ya ce bai san wannan lambar ba. Ashe tsoho ne, ba sabon da aka rubuta a kwali ba. Laburaren da na gina da sababbin lambobi yake roƙo, a hana shi, ya juyo nan take, manhajata kuma ta ɗauka an gama jira.

"Ka gani?" in ji Malama. "Ƙofar da kake ta bugawa ba a gina ta a gidan nan ba. Ga tsohuwar nan a gefe."

Muka ciro lambobin gaskiya daga allon, na koma farko, na sake gina laburare da kwamfaila a kansu. Laftof yana ta huci, ita kuwa tana shan rake suna hirar tsutsar tumatir da Kawu. Bayan la'asar na kunna. Famfo ya ɗauka, ya ci gaba. Kawu ya tsuguna ya sa hannu cikin ruwan, bai tashi ba har injin ya kashe kansa. Ya miƙe ya ce, "Ina ka ajiye mini jakar tafiyata?"

Ya so ya kama wa Malama zakara, ta ƙi. Ta ce, "Alhaji, tumatir nake so, amma wanda ka zaɓa da idonka."

Ranar da muka dawo daga Zariya, Kawu bai yarda mun biya gida ba. Ya tsaya a bakin fadama da baƙin tabarau na asibiti, ya ɗan ɗaga shi, ya dubi irin nan shar da su. Ya ce, "Ashe haka korensu yake? Na manta." Ni ne na yi kukan, don likita ya hana shi murza ido. Da amfanin gona ya nuna, shi da kansa ya zauna ya zaɓi tumatir ɗaya bayan ɗaya, ya cika kwando, ya kai Kudan.

Yau ni ma ina koyarwa, ɗalibaina kuma suna gunaguni a kan dokar sallama, ina jin su ina murmushi. Abin da na koya a gindin mangwaron nan shi ne, kada ka yi gini a kan abin da aka gaya maka alhali kana iya tambaya ka ji da kanka. Na kuma koyi cewa malamin kirki ba ya gama da kai ranar da ka karɓi kwali. Allah ya saka wa Malama da alheri, gwiwarta ta sha wuya Kawu ya samu ido.