Ƙofar Tankin da Ta Ƙi Buɗewa

Da safen ranar, doya ce kaɗai damuwata. Ina da lodin da zan kai Minna washegari, mai kayan kuma sai ja min rai yake yi. Mama tana bakin murhu tana dama kunu. Wana, Yaya Bawa, yana gindin mangwaro yana wasa fartanya, yana min tsiya wai motata ta fi jaki gardama. Na ce masa jakin nan dai shi ke kai doyarsa kasuwa. Matarsa Talatu tana ɗaki da jaririn da ko suna ba a yi ba, muna jin dariyarta.

Bari in yi muku bayanin wani abu, don wanda bai zauna a ƙauyukanmu ba ba zai gane ba. A lokacin ba mai barin fetur ya kwana a mota ko babur. 'Yan bindiga neman mai suke yi kamar yadda suke neman shanu. In sun tarar da abin hawa da mai, ya tafi ke nan. In babu, su bar shi. Shi ya sa duk ran da na dawo daga hanya, sai in zura tiyo in zuƙe man tas, in juye a jarka, mu binne ta a bayan rumbu. Mu a ganinmu dabara ce. Ba wanda ya tambayi kansa yadda za a yi ran da gudu ya kama.

Motar ma da nata halin. Ƙofar tankinta sai mutum biyu: ɗaya ya ja ɗan ƙarfen da ke ƙasan kujerar direba, ɗaya ya danna ƙofar daga waje.

Hantsi ya ɗaga. Karnuka ne suka fara. Sai wani gurnani daga wajen rafi, kamar injin niƙa da yawa sun tashi lokaci guda. Babura ne. Sai harbi. Wani ya wuce bayan dangarmu a guje yana ihu: "Sun shigo! Sun shigo!"

Gari ya watse, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Masu ƙafa suka yi kan dutse. Mu ba mu da wannan. Mama ba ta iya taka gwiwarta, Talatu kuwa ɗanyen jego. Ko mota, ko mu zauna su same mu.

Yaya Bawa ya yi bayan rumbu da fartanyarsa. Na ɗauko Mama cak na sa ta a baya. Talatu ta shigo da jariri a ƙirji, babbar 'yarsu riƙe da zaninta. Kafin in zagaya, Yaya ya iso da jarka, duk jikinta ƙasa.

"Ja, Iliya!"

Na ja. Na fizga da ƙarfin da ya wuce ƙima. Na ji tas! Ƙarfen ya saki a hannuna. Wayar ta tsinke.

Kai! Wallahi a ranar na tsani motar nan. Ga mai a hannu, ga tanki, ɗan faifan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba ya tsaya tsakaninmu da rai. Na fito na naushe shi. Na sa farce. Na sa makulli, makullin ya fara lanƙwashewa. Harbin ya bar wajen rafi, ya dawo wajen makarantar firamare.

Yaya ya ture ni. Ya cusa bakin fartanya a gefen ƙofar, ya danna da gwiwa. Fenti ya ɓare. Ya sake dannawa. Harbi ya iso bakin kasuwa. Ina jin kukan shanu, ina jin warin hayaƙin ciyawa. A karo na uku ƙofar ta ɓalle, ta karkace gefe.

"Shiga ka tayar!"

Ta madubi nake ganinsa. Ya murɗe murfin, ya kafa mazurarin da muka yanka daga gorar ruwa, ya ɗaga jarkar. Rabi na shiga, rabi na bin jikin mota. Na murɗa makulli. Ta yi tari ta mutu. Na sake. Ta mutu. Mama tana kiran sunan Allah ƙasa-ƙasa. Na sake murɗawa, ina dukan totur kamar mahaukaci, ta kama.

Daidai nan babur na farko ya ɓullo ta kusurwar danga. Mutum uku a kai.

"Yaya, shigo!"

Ya dubi babur ɗin, ya dubi motar. Ya buga rufinta da tafin hannu.

"Tafi! Iliya, tafi!"

Ya ɗaga jarkar sama yadda za su gan ta, ya ruga da ita wajen rumbuna. Babur ɗin ya karkata ya bi shi. Na biyu ma ya bi shi. Na saki kulochi.

Hanyar ban san yadda na bi ta ba. Mata da kaya a ka suna ɗaga min hannu, ban tsaya ba. Allurar mai ko motsi ba ta yi ba. Idona a kanta, kunnena a inji. Ƙofar tankin tana dukan jikin mota, ƙwan, ƙwan, ƙwan, a kowane rami. Talatu ta juya tana kallon baya. Na so ta zage ni. Da ta zage ni da na ji sauƙi.

Ana kiran azahar muka shigo Maitumbi, bakin garin Minna. Mutane na sayen rake, yara na dawowa daga makaranta. Motar ta mutu gab da wani gidan mai, 'yan keke suka taya ni turawa. Matar da ke zuba mai ta ɗaga tiyo, ta tsaya.

"Oga, ina murfin?"

Na tsaya ina kallon ramin. 

Muka sauka wajen ƙanwarmu a unguwar Shango. Na kasa zama. In na ji babur sai in miƙe. Duk motar da ta fito daga hanyarmu sai na tare ta na tambaya.

Da hanya ta lafa, na koma tare da 'yan banga. Rumbunan sun ƙone. Mun sami gawar Yaya a bayansu, ba jarka. Da muka zo ɗaga shi na ji wani abu mai tauri a aljihun wandonsa. Murfin tankin ne. Ya ajiye shi don ya rufe in ya gama zubawa.

Mama ta fita da ranta. Talatu ta fita, da 'ya'yanta biyu. Ni ma na fita. An raɗa wa jaririn suna a Shango, ba uba a wajen. Na miƙa wa Talatu murfin, ta ƙulle shi a bakin zani, ban sake tambayarta ba. Tankin har yau da leda da tsumma nake toshe shi.