Kwandon da Na Ɗauko daga Djougou

Tun ina yarinya ake ce mini ba ni da zama, kuma ban taɓa musu ba. Wadda ta fi kowa yi mini gorin haka ita ce Gwaggo, yayar mahaifina da ke Djougou, wadda a hannunta na koyi sana'ar goro. Har yau daga wurinta nake ɗauko kayan da nake kasawa a kasuwar Arzèkè da ke garinmu Parakou.

Wata rana cikin damina na je ɗaukar huhu huɗu. Tun safe muke zaune a mangazarta, ɗakin ajiyar kayanta, muna gyara, muna fitar da masu sankara, muna sake ganye. Da muka gama sai ta ce in kwana. Na ce gobe kasuwa. Ta ce kasuwa ba ta da ƙafa, ba inda za ta. Na ce ni dai tafiya zan yi.

"Ke kam," in ji ta, "ko zaman makokina a tsaye za ki yi shi."

Maganar ta ƙona mini rai ba kaɗan ba. Ta tashi ta shiga alwala, direban motar da zan bi kuma yana ƙofar gida yana ta danna oda kamar an aiko shi. Ina bukatar buhunan algarara na rufe goro, ga wani kwando cike da su a lungun bayan ƙofa. Na sunkuce shi, na ɗora wani buhu a kai, na ɗaure bakin da igiya, na miƙa aka sa a mota. Ban jira ta idar da salla ba. Haka na bar gidan babu sallama, ina ta huci ni kaɗai.

A hanya wayata ta yi ƙara sau uku. Na duba, Gwaggo ce. Na cusa wayar can ƙasan jaka.

Mun shiga Parakou gab da magariba. Da aka sauke kaya na kwance igiyar kwandon, sai na ji wani ɗan siririn kuka. Na ɗaga buhu ɗaya, na ɗaga na biyu. 'Ya'yan kyanwa ne guda uku a dunƙule, idanunsu ko gama buɗewa ba su yi ba. Ɗaya fari mai baƙin kunne, ɗaya toka-toka, sai ƙaramin cikinsu ja-ja. Nan take na gane. Farar kyanwar nan ce da ke tsare wa Gwaggo mangaza daga ɓeraye, wadda na gani da safe cikinta ya sace ban ma kula ba. Na raba ta da 'ya'yanta, na tsallako da su gari guda.

Abin da ya kamata shi ne in ciro waya in kira. Ban kira ba. Ina jin muryarta a kunnena tana cewa ai ta faɗa. Na ce a raina, ni da na raini 'ya'ya biyar, 'ya'yan kyanwa uku ne za su gagare ni?

Na dama madarar gwangwani da ruwa, na ɗauko cokalin shayi. Ba su san cokali ba. Madarar ta bi haɓarsu ta jiƙa musu ƙirji. Na murɗa bakin ƙyalle na tsoma, suka ɗan tsotsa, suka ture, suka ci gaba da laluben abin da ba ni da shi. Kukan nan yana shiga mini har ƙashi. Na zauna, na tashi, na sake zama.

Sai maganar inda za su kwana, kuma a nan na yi abin da har gobe ba na yafe wa kaina. Shekara ashirin da ɗoriya hannuna yana cikin goro. Abin da hannun nan ya sani shi ne, duk abin da kake tsoron ya lalace, sanyi ake nema masa. Ko tunani ban yi ba. Na kai su ɗakin goro, ɗakin da rana ba ta leƙawa, na ajiye kwandon a kan siminti kusa da huhunan da na gama yayyafa wa ruwa. Har buhunan da ke kansu na janye, wai don su sha iska. Na ja ƙofa ina ganin na yi dabara.

Da asuba, ina sallame salla na nufi ɗakin. Shiru. An kwana ana ruwa, simintin kamar ƙanƙara a tafin ƙafata. Na sa hannu cikin kwandon. Biyu suka ɗan motsa da ƙyar. Ɗan jan ya sandare, bakinsa a buɗe, madarar jiya ta bushe a gashin ƙirjinsa.

Na naɗe shi a ganyen goro na binne ƙarƙashin mangwaron bayan madafa. Maigida ya leƙo yana tambayar shayinsa, na balbale shi da faɗa, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Haushin kaina nake ji, na rasa inda zan sauke shi.

Na sa biyun a kwali na hau zem, babur ɗin haya, zuwa kasuwa. Zama ya gagara. In kasa goro, in leƙa kwali. Wani dattijo ya ce a ba shi fari na ƙulla masa ja. Toka-tokan ya daina kuka gaba ɗaya, kuma shirun ya fi kukan tayar mini da hankali. Wajen hantsi na haɗiye girman kaina na kira.

"Gwaggo, ina kwana."

"Suna wurinki?" Ko gaisuwar ba ta amsa ba.

"Suna nan."

"Ina kika kwantar da su?"

"A ɗakin goro."



"Goro ne su, 'yar nan?" ta ce a hankali. "Sa su a jikinki yanzu-yanzu, cikin riga, su ji ɗuminki. Kada ki ƙara ba su madarar nan. Ki kawo wa uwarsu abinta. Tun jiya ba ta ci komai ba, ba lungun da ba ta shiga ba a gidan nan, nononta har ya kumbura."

Ba ta tambayi ko nawa ne ba, ni kuma ban faɗa ba.

Na rufe kaya, na bi ta gida na ɗauki kwandon, sai tasha. Taksin Djougou saura mutum biyu ta cika, kuma mutum biyun nan kamar ba a haife su ba. Na zagaya motar ya fi sau goma. Direban ya ce, "Hajiya, doucement, a hankali, za mu tafi." Na ce ya riƙe doucement ɗinsa. Da muka kama hanya, duk ramin da mota ta faɗa sai na zura yatsa cikin riga in ji ko suna numfashi. Matar da ke gefena ta tambaya ko ƙirji ke damuna. Na ce eh, don ban ga ƙarya a ciki ba. Can mun yi nisa sai na ji ɗan farce ya karce ni, wani ɗan baki yana lalube a fatata. Na juya fuska wajen taga don kada a ga idona.

A zaure kyanwar ta tare ni, tun kafin in yi sallama. Ta rame a kwana ɗaya. Gwaggo ta fito ta ce in mayar da kwandon lungunsa in sa su ciki. Na yi yadda ta ce. Kyanwar ta faɗa ciki, ta shinshina, ta hau lasa da ƙarfi har suna tuntsurewa. Sai ta kama farin a wuya ta yi ɗakin Gwaggo da shi, can ƙarƙashin gado. Ta dawo ta ɗauki toka-tokan. Na sauke ajiyar zuciya, na fara gyara mayafi.

Sai ga ta ta dawo karo na uku.

Ta shiga kwandon ta tona buhunan ɗaya bayan ɗaya. Ta fito ta zagaya shi, ta sake shiga. Ta yi wannan ɗan kiran da suke yi wa 'ya'yansu, ta saurara. Daga nan ta zo ta shinshina bakin zanena, ta ɗaga kai tana kallona.

"Ina jan?" in ji Gwaggo.

"Na binne shi da safe."

Na jira faɗa, har so nake ta yi. Ba ta yi ba. Ta gyara zamanta a kan tabarma, ta jawo faifan goro gabanta.

"To, ni kin gaya mini," ta ce. "Saura ita."

Na zauna a ƙasa kusa da kwandon. Kwana uku na yi a Djougou, ba wanda ya ce in zauna. Kullum da safe, in ta gama shayar da biyun, sai ta fito ta zo lungun nan ta tona buhunan, ni kuma ina zaune ina kallonta.