Mai Gishiri da Hadari

Kafin makiyayan gonar su wanke ido, Baba Mai Gishiri ya riga ya shiga sito yana gauraya gishiri da garin ƙashi da ɗan yuriya, wato farin takin zamani. Ya loda a baro, ya bi komayen da shanu ke lasa yana zubawa. Gishiri ya tsattsaga masa hannu, har makiyaya kan tsokane shi cewa in ya tsoma yatsa a miya ta ji gishiri ke nan.

Tsofaffin ma'aikata sun shaida yadda ya tarar da garken. Shanu na tauna ƙashi da tsumma, suna lasar ƙasa, 'yan maruƙa ƙafa na rawa. Yau mahauta rububin bajiman gonar suke yi, a yabi ciyawa, a yabi mai gona, a manta da mai baro.

Amma haɗin nan yana da sharri guda. In ruwan sama ya taru a komi ya narkar da yuriyar, saniyar da ta sha sai ta kumbura ta faɗi. Shi ya sa da hadari ya haɗo, ko loma ce a hannunsa zai ajiye, ya ruga ya rufe komayen da fallen kwano. Kowa ya sakar masa aikin, tunda an san ba ya fashi.

Ranar da matarsa ke kwance a asibiti, gari ya yi baƙi. Ya dubi taga, ya dube ta. Autarsu ta riƙe masa hannun riga.

"Baba, yanzu Inna za ka bari saboda shanu?"

"Babu mai rufewa, Auta. Yanzun nan zan dawo."

Ko saniya ɗaya ba ta mutu ba. Shi kuwa ya dawo jiƙe sharkaf, ya tarar an ja wa matarsa mayafi har ka. Tun daga ranar, tsakaninsa da Auta sai gaisuwa sama-sama. Bai taɓa kare kansa ba, kuma abin na cin sa har yau.

Baba, kai ne ginshiƙin da ba a gani sai ya goce. Abin takaici, gona cike da ƙarti, aka rasa mai ce maka, "Zauna da iyalinka, ni zan rufe."

Makon jiya ya ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Auta ta zo gonar ɗaukarsa, fuska ba yabo ba fallasa. Suna sa kaya a mota sai iska ta kaɗo, gabas ta yi duhu. Ya laluba sandarsa, ya yunƙura, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Ya sunkuyar da kai, kunya ta hana shi kallonta.

Auta ta daɗe tana kallon tsagaggun hannuwan nan. Sannan ta tuɓe takalmanta.

"Zauna, Baba. Wane komi kake fara rufewa?"

Mun gode, Mai Gishiri, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma masu aiki tare da irinsa, ku koyi riƙon amanarsa, amma kada ku bar shi shi kaɗai da hadari. Kwanon ba shi da nauyi, ɗiyarsa ma ta ɗauka.